Daga Duba-gari zuwa NESREA: Tarihin Dokar Kare Muhalli a Birnin Sakkwato

Dokar kare muhalli ta ƙasa yarinya ce ƙarama idan aka auna ta da shekarun birnin Sakkwato. Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, tun mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana raye, amma sai a ƙarshen 1988 Najeriya ta samu hukumar tarayya ta farko da aka ɗora wa alhakin hana gurɓata ruwa da iska da ƙasa. Kafin wannan shekara da bayanta, ikon hana ƙazanta a Sakkwato ya yi ta sauya hannu: daga alƙali da muhtasibi zuwa duba-gari, daga En'e zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa Legas, sannan Abuja. Wanda ya bi tarihin a tsanake zai tarar da abu guda yana maimaita kansa. Kowane zamani dokar tana ƙara kauri da ƙarfi a takarda, mai tsaronta kuwa yana ƙara nisa da bakin kwata.

Birnin Shehu da sana'o'insa

An gina Sakkwato a kan tudu, kusa da inda gulbin Sakkwato ya haɗu da gulbin Rima. Shehu ya dawo birnin a 1815, ya rasu a cikinsa a 1817, kuma kafin a jima garin ya cika da malamai da fatake da masu sana'a: maƙera, marina, mahauta, majema da dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙetaren Sahara. Ayari kan kai ta arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗinkin littattafai suka riƙa rububinta saboda laushi da ƙarko.

Jima sana'a ce mai daraja, amma mai wari da ƙazamin ruwa. Majemi yakan jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki, ya ɗora ta a kan itace ya kankare, ya wanke, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa ta kwana tana shan jima, kafin a rina ta ja da karan dafi. Kowane mataki yana barin ruwan da dole a zubar da shi wani wuri. Haka marini yake da tsohon ruwan baba a karofinsa, mahauci yake da jini da kayan ciki, maƙeri yake da hayaƙin gawayi. Wannan na daga cikin dalilan da masu sana'a ɗaya suka taru a shiyya ɗaya, ƙarƙashin sarkin sana'arsu, wanda ake iya kamawa da alhakin abin da mutanensa suka yi.

Dokar da ke aiki a lokacin fiƙihun Malikiyya ce, kuma ta yi magana a fili kan cutar da maƙwabci. Wanda ya haƙa shadda kusa da rijiyar wani, ko ya juya indararonsa cikin gidan maƙwabcinsa, ko ya kafa abin da hayaƙinsa ko warinsa ke hana mutane sakat, alƙali yana da ikon ya tilasta masa ya kawar da cutar. Rijiya tana da hurumi, gulbi yana da hurumi, gari ma yana da nasa na kiwo da itace, ba a yarda wani ya mallake su shi kaɗai ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan ayyukan masu riƙe da mukamai da kuma hukuncin ƙasa, Muhammadu Bello kuma a cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ke wuyan shugaba. Muhtasibi shi ne idon hukuma a kasuwa da kan hanya.

Kada a ɗauka birnin aljanna ce ta tsafta. Akwai kududdufai inda aka ɗebi ƙasar gini, ruwa yana kwanciya a ciki duk damina, annoba kuma tana zuwa ta tafi da mutane. Sai dai sharar wancan zamani mai ruɓewa ce: toka, kashin dabbobi, ƙaiƙayi, tsumma. Da rani manoman kewayen birni kan zo da jakuna da mangala su kwashe juji su kai gona. Shara taki ce, har akan roƙe ta.

Zamanin duba-gari

Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Dokokin tsaftar da Turawa suka fara kawowa, lafiyar Bature suka sa a gaba. Tsoron zazzaɓin cizon sauro da shawara ya sa Gwamna Lugga ya tsara cewa a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. A 1917 aka yi dokar lafiyar jama'a da dokar tsara garuruwa, waɗanda suka ba jami'an lafiya ikon shiga gida su duba, su ba da umarnin kawar da ƙazanta, su kai mai taurin kai gaban shari'a.

A cikin ganuwa kuwa aikin ya faɗa hannun En'e, wato hukumar gargajiya da Sarkin Musulmi ke shugabanta. Bayan an buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano a 1932, sai Arewa ta fara samun 'ya'yanta masu horo a wannan fanni, waɗanda jama'a suka sani da duba-gari. Dattawan Sakkwato ba su manta da shi ba. Da an hango shi cikin kaki a bakin lungu, labari kan riga shi shiga gidaje, mata su hau shara, yara su kwashe kwanonin da ba a wanke ba. Yakan buɗe randa ya leƙa ko akwai tsutsar sauro, ya duba ko bakin shadda a rufe yake, ya bi wuriri ya ga inda ruwan wanka yake ƙarewa. A kasuwa yakan duba nama kafin a sayar. Wanda aka samu da laifi a ba shi sammaci, ya bayyana gaban alƙali, a ci shi tara.

Tsarin yana da nasa aibi. Tsoro ya fi fahimta yawa a cikinsa, talaka ya fi mai sarauta shan tara, kuma ba a rasa duba-garin da ake toshe wa baki. Amma hanyar da ke tsakanin laifi da hukunci gajeriya ce. Mai unguwa ya san gidan, hakimi ya san mai unguwa, kotun tana cikin gari, magana takan ƙare cikin kwanaki. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ƙara da sanya ɓata ruwan da jama'a ke sha da gurɓata iska cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Duk waɗannan dokoki an yi su ne da tunanin mutum ɗaya da gidansa da rumfarsa. Ba su hango masana'anta ba, balle madatsar ruwa.

Siminti da madatsun ruwa

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ƙuduri kafa masana'antu, ƙasar Sakkwato kuma tana kwance a kan dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi. A 1962 aka yi rajistar Kamfanin Siminti na Arewacin Najeriya, aka kafa shi a Kalambaina, yamma da birni. Sardauna bai ga buhun farko ba, domin an kashe shi a Janairun 1966, masana'antar kuma ta fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara sabon layi na tan 500,000.

Yin siminti aiki ne na fasa dutse, da niƙa shi, da gasa shi a wuta mai zafin da ya kai kusan digiri 1,450, sannan a sake niƙawa. A kowane mataki ƙura tana tashi, idan babu na'urar tace ta kuma sai ta sauka a gonaki da rufin ɗakuna da huhun mutane. Lokacin da aka kafa masana'antar babu wata dokar ƙasa da ta ƙayyade yawan ƙurar da bututun hayaƙi zai iya fitarwa, babu kuma wadda ta ce a fara binciken illa kafin a haƙa tushe. Duba-gari da sammacinsa ba shi da abin yi a ƙofar kamfanin da gwamnati ce da kanta ta mallake shi.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kawo wani babban sauyi. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka ba wani kamfanin Italiya mai suna Impresit kwangilar gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. An kammala ta a 1978, shekarar da Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna. Ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, manoman da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Da manoman suka tare hanyoyi suna neman diyya, sai aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980, aka kashe mutane da dama. A lokacin Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar, shi ne shugaban ƙasa. Bayan Bakolori aka gina madatsar Goronyo a kan Rima, wadda birnin Sakkwato ya dogara da ita wajen ruwan sha. Duka biyun an gina su kafin a sami dokar da ta wajabta a tambayi waɗanda aikin zai shafa.

A daidai wannan lokaci ne kuma tsohon tsarin cikin gari ya sassauta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon zartarwa, aikin tsafta ya koma hannun sababbin ƙananan hukumomi. Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma tun 1967, mutane suna ta kwarara, unguwanni irin su Mabera da Runjin Sambo da Arkilla suna ta faɗaɗa a wajen tsohuwar ganuwa, ma'aikatan tsafta kuwa ba su ƙaru daidai da garin ba. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta gwada maganin soja. Yaƙi da rashin ɗa'a da ta ƙaddamar a 1984 ya kai ga yaƙi da ƙazanta a 1985, daga nan al'adar tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo asali. Gari kan yi fes na yini guda, sharar da aka fito da ita daga kwata kuma ta zauna a bakin titi har ruwan sama ya mayar da ita inda ta fito.

Gangunan Koko

Abin da ya haifi dokar muhalli ta ƙasa ya faru ne nesa da Sakkwato, a wani ƙaramin garin bakin ruwa mai suna Koko a tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwar Italiya, Gianfranco Raffaelli, ya shigo da dubban ganguna ɗauke da sharar masana'antu mai guba, kusan tan 3,800, ya jibge su a filin wani mutumin garin da ake biya dala 100 a wata. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida, asiri ya tonu a watan Yunin 1988. Gangunan sun fara yoyo a cikin rana, wasu ma'aikatan da aka sa kwashe su suka ƙone, wasu aka kwantar da su a asibiti.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a tashar Legas, har Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Jirgin Karin B da ya ɗauki wani ɓangare na sharar ya yi ta yawo a tekun Turai, kowace ƙasa tana hana shi tsayawa. Da lauyoyin gwamnati suka duba littattafansu, sai suka tarar babu takamaimiyar dokar da ta dace da laifin. Ihu bayan hari ya haifar da dokokin soja biyu kafin shekarar ta fita. Doka mai lamba 42 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da shara mai guba, ko ya ajiye ta, ko ya zubar da ita a ƙasa ko ruwan Najeriya. Doka mai lamba 58 ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, FEPA, wadda Dokta Evans Aina ya fara shugabanta. A Sakkwato hankalin jama'a yana wani wuri a watannin nan, domin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a farkon Nuwamban 1988 bayan shekara 50 a kan gado, kuma rikicin naɗin magajinsa ya girgiza birnin.

Koko ta taimaka wajen zaburar da duniya ma. A 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka yi tasu a Bamako, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar baki ɗaya.

Ikon da doka ta bayar

FEPA ta zo da abin da ba a taɓa yi ba, wato ma'auni. A 1991 ta fitar da ƙa'idojin da suka ƙayyade irin ruwan da masana'anta za ta iya saki, suka kuma wajabta mata sanya na'urorin rage gurɓatawa. A 1992, shekarar babban taron muhalli na Rio a Brazil, aka yi doka mai lamba 86, wadda ta ce ba za a fara babban aiki irin na madatsa ko masana'antar siminti ko haƙar ma'adinai ba sai an yi binciken tasirinsa ga muhalli. Akan baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Da wannan doka ta riga Bakolori zuwa, da manoman Talata Mafara sun sami ƙofar magana tun kafin ruwa ya taso. An kuma buƙaci jihohi su kafa nasu hukumomin, Sakkwato ta kafa SEPA.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, aka narkar da FEPA a cikinta. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wajibi ne gwamnati ta kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun dajin Najeriya, sai dai an sa shi a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Shekara takwas ƙasar ta yi da ma'aikata mai tsara manufa, babu hukuma mai cizo. A Yulin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar da ta kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, Dokta Ngeri Benebo ta zama shugabarta ta farko.

Ikon NESREA ba kaɗan ba ne. Jami'anta suna iya shiga masana'anta su yi bincike, su ɗebi samfurin ruwa ko ƙasa, su karɓi takardu, su kwace kaya, su garƙame wuri, su gurfanar da mai laifi. Ta fitar da ƙa'idoji fiye da 30, da dama daga cikinsu kamar don Sakkwato aka rubuta su: na tsafta da shara da na ƙarar sauti da na masana'antun fata a 2009, na masana'antun siminti da makamantansu da na yaƙi da kwararowar hamada a 2011. Amma an cire harkar man fetur da gas daga hannunta, tarar da dokar 2007 ta yanka wa kamfanin da ya saki abu mai guba kuma ba ta wuce naira miliyan 1 ba, da ƙarin naira 50,000 a kowace ranar da laifin ya ci gaba. A farashin yau, kuɗin siminti cikin tirela guda ya ninka wannan tara. An yi wa dokar gyara a 2018 don ƙarfafa ta, a 2021 kuma aka ƙara da dokar sauyin yanayi.

Shekarar 2010

Shekara uku da kafa NESREA, dokar ta gamu da jarrabawa a ƙasar da har 1996 take cikin Jihar Sakkwato. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa, bayan suma da jijjiga, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega suka shiga haƙa. Dutsen da suke samu cike yake da dalma. Sukan kai shi gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, mata su shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai suka kamu da gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwa har abada.

A takarda babu abin da ya rage. Akwai dokar ma'adinai ta 2007, akwai dokar NESREA, akwai hukumar muhalli ta jiha. Amma ma'adinai suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, lafiya tana hannun jiha, ƙauyen yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tura wanda zai leƙa tsakar gida. Ƙwararru daga waje ne suka jagoranci kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje ana zuba sabuwa. Bagega kuwa ta jira har 2013, bayan matasa masu fafutuka sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja.

A watan Satumban 2010 ɗin dai ruwa ya yi ƙarfi a madatsar Goronyo, ambaliya ta bi kwarin Rima ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Madatsar ta tarayya ce, waɗanda ruwan ya kora kuwa a makarantun jiha da na ƙananan hukumomi suka kwana.

Inda aka kwana

Masana'antar Kalambaina ta bar hannun gwamnati a 2000, ta bi ta hannun masu zuba jari har ta zama ta rukunin BUA na Abdul Samad Rabi'u. A 2018 aka buɗe sabon layi na tan miliyan 1.5, a Janairun 2022 kuma Shugaba Buhari ya buɗe wani na tan miliyan 3. Abin da ya fara da tan 100,000 ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin siminti a ƙasar, yana ba dubban mutane abinci. Sababbin layukan an gina su ƙarƙashin dokar binciken tasiri, da na'urorin tace ƙura na zamani, abin da layin 1967 bai sani ba. Masana a jami'ar Ɗanfodiyo sun daɗe suna nazarin ƙasa da tsirrai da ruwan kewayen wurin. Abin da ya rage shi ne hukuma ta riƙa auna iskar da kanta a kai a kai, ta kuma bayyana sakamakon ga mutanen Wamakko da harshen da suke ji.

Gurɓatar da ta fi addabar mazaunin birni kuwa ba ta da bututun hayaƙi ɗaya da za a nuna. Leda ce, musamman ta ruwan sha, wadda ke toshe magudanai har ruwan sama na sa'a guda ya shiga ɗakuna. Mahauta sun saba fasa tumbin saniya ko tunkiya su ciro dunƙulen leda da ya hana dabbar ƙiba. Manomin da kakansa ke roƙon juji, yau sai ya tsince leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura kafin ya zuba a gona, wani ma ya haƙura. Sai a cinna wa bola wuta, hayaƙin roba ya haɗu da na janareta da na kabu-kabu da ƙurar hunturu. Ruwan mayanka da na majema da baƙin man gareji duk gangare suke bi, gangaren Sakkwato kuma Rima yake nufa. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana leda a 2019, amma bai zama doka ba.

Kundin tsarin mulki ya ɗora kwashe shara da kula da mayanka da kasuwanni da bayan gida na jama'a a kan ƙananan hukumomi, wato matakin da ya fi kowane rashin kuɗi da ma'aikata. Birnin kuma ya rarrabu tsakanin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da sassan Wamakko da Dange-Shuni da Kware, kwata kuwa ba ta san iyaka ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tun kafin nan, a 2018, kotun ta yanke a wata ƙara da wata ƙungiya ta kai kamfanin NNPC cewa ƙungiyoyin sa-kai suna da hurumin kai ƙarar gurɓata muhalli a madadin jama'a. Hukunce-hukuncen biyu ƙofofi ne da aka buɗe, ba a kuma yi amfani da su yadda ya kamata ba.

Sakkwato ba ta bukatar sabuwar doka kafin ta gyaru, waɗanda ke ƙasa sun isa. Abin da take bukata shi ne a dawo da mai tsaron doka kusa da jama'a: a ɗauki ma'aikatan tsafta masu horo a kowace shiyya, a ba su kayan awo da abin hawa da kotun da za ta saurare su da wuri, a sa masu unguwanni da limamai da sarakunan sana'a cikin aikin, a kuma fassara rahotannin binciken tasiri zuwa Hausa kafin a baje su. Masu karatu a birnin Shehu su ma da nasu. Ku tambayi shugaban ƙaramar hukumarku nawa aka ware wa tsafta a kasafin bana, ku je ku duba rahoto idan an baje shi, ku kai ƙorafi a rubuce ga SEPA da NESREA ku riƙe kwafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma doka ta ba shi ikon ya faɗa.